Kwana Uku Muna Neman Abin da Ya Shaƙe Motar Kawu

Ranar Litinin da yamma muka yi lodin katako a Sokoban, cikin Kumasi, na kawo motar Aboabo na ajiye ta a filin bayan gidan Kawu inda ta saba kwana. Niyyata in yi sallar asuba in kama hanya, in wuce shataletalen Suame kafin motocin haya na trotro su toshe shi, in sauke kaya a Techiman kafin azahar, in yi lodin masara in juyo. Tafiyar kilomita 120 ce ko kusa da haka, kuma hanya ce da na san kowane rami nata.

Motar ta Kawu ce, ƙanen mahaifiyata, shekara shida ke nan ina tuƙa masa. Tsohuwa ce mai ƙafa shida, injin dizal mai silinda shida, irin na da wanda babu kwamfuta a jikinsa. Da ita ake ciyar da gida biyu, nasa da nawa, ga yaron mota wanda shi ma da ita yake taimakon uwarsa. Saboda haka in ta yi tari, mu duka muke jin sa a ƙirji.

Da asubar Talata na murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi kamar kullum. Na bar ta a silo don iskar birki ta cika, na sauko ina bubbuga tayoyi ina taɓa igiyoyin kaya. Ban gama zagayawa ba sai na ji muryar injin ta sauya. Ya ɗan ɗaga da kansa, ya sauka, ya sake ɗagawa, ya yi kakari kamar wanda loma ta tsaya wa a wuya, sannan ya yi shiru. Na hau na sake murɗawa, inji yana juyawa amma ya ƙi kamawa. Na bari. Yaro ya je ya karɓo mana koko da ƙosai, muka sha a tsaye. Bayan kamar minti goma na sake gwadawa, ta ɗan ja lokaci sannan ta tashi sumul, babu wani baƙon ƙara. Minti ɗaya da rabi, ta sake mutuwa irin mutuwar farko.

Abin da kowane direba zai fara yi shi na yi. Gej ya nuna mai ya wuce rabi, amma ban yarda da gej ba, na buɗe tanki na zura sanda, ta fito a jiƙe har tsakiya. Muka ɗaga kan motar, na kwance ɗan notin da ke ƙasan filta na tara robar ruwa da na yanke wa kai. Abin da ya fara zubowa ba dizal ba ne, ruwa ne mai launin shayi, ya kai rabin kofi, sannan mai ya biyo baya ya hau kansa. Ruwa ya fi dizal nauyi, kullum ƙasa yake kwanciya, kuma lokacin muna tsakiyar damina, Kumasi kuwa ba ta wasa da ruwan watan Yuni. Da na ga haka raina ya yi fari, na ce wa yaro an kama ɓarawo. Na ba shi kuɗi ya hau pragya, keke mai ƙafa uku, ya sayo sabuwar filta.

Muka ɗaura, muka shiga cire iska. Wanda bai taɓa yi ba, ga yadda ake yi a irin wannan mota: akwai ɗan noti a saman gidan filta, sai ka sassauta shi, ka warware kan famfon hannu da ke jikin injekta, wato babban famfon da ke raba wa silinda mai, ka yi ta dannawa. Da farko iska ce kawai za ta fito tana huci, sai kumfa, sai mai gauraye da kumfa, sai a ƙarshe mai zalla. Kana cikin dannawa za ka ɗaure notin, ba bayan ka saki ba, in ba haka ba iskar da ka kora ta koma. Sai ka yi haka nan a notin da ke jikin injektan kansa. Mun yi, ta tashi, muka tsaya muna kallon juna. Ta yi minti biyu ta mutu.

Kafin hantsi filin ya cika. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari a Aboabo ya zo da nasa maganin. Wani ya ce a cire filtar iska a fesa fetur a bakin injin. Wannan na ƙi ƙememe, don na taɓa ganin injin dizal da aka yi wa haka yana buga ƙara kamar ana dukansa da guduma, kuma ai matsalarmu ba tashi ba ce, zama ce. Wani ya ce a tura, ya manta katako ne maƙil a bayanta, iskar birki ma ba ta cika ba balle a yi maganar motsa ta. Wanda ya yi magana mai kan gado shi ne mai wayarin na bakin titi. Ya ce akwai abin da ke jikin injekta wanda wuta ke riƙewa a buɗe, su suna ce masa solanoyid, in wutar ta yanke sai ya rufe mai, kuma yakan faru ya buɗe lokacin da ake murɗa makulli ya saki daga baya. Ya kawo mitarsa ya ɗora, muka tayar. Motar mai batir biyu ce, wuta 24, kuma allurar mitar ba ta motsa ba har injin ya gama kakarinsa ya mutu. Ya tattara wayoyinsa ya ce, “Direba, ba wajena ba ne. Wutarka lafiya lau.” Bai karɓi ko sisi ba, Allah ya saka masa.

Da la'asar Kawu ya zo da wani matashin makanike da aka yaba masa. Ya saurari motar sau ɗaya, ya share hannu, ya ce injekta ce ta gaji, a kwance ta a kai wa masu gwaji, a haɗa da nozul shida masu fesa mai cikin silinda a duba. Kuɗin da ya ambata ya kai ribar tafiya huɗu zuwa Techiman, kuma sai motar ta kwana aƙalla biyar. Na ga Kawu ya fara lissafi da yatsu, alamar ya kusa amincewa, don mai katako ya kira shi ya fi sau biyar. Na ja shi gefe na ce, “Kawu, ka yi mini haƙuri zuwa gobe. Injektar da ta gaji ba ta tayar da mota bugu ɗaya da sanyin asuba. Bari in ɗauko Masta.” Ya dube ni ya ce, “In gobe ta wuce ba a gane ba fa?” Na ce to a kwance. Batiran ma lokacin sun yi sanyi saboda yawan murɗawa, muka cire su muka kai caji.

Wanda bai san Kumasi ba, Magazin unguwa ce guda a Suame da ba a komai sai ƙarfe: masu gyaran inji, masu walda, masu ƙera bodi, masu sayar da kayan gyara sabo da na hannu, rumfa na bin rumfa har ido ya gaji. Sunan ya samo asali ne daga ma'ajiyar makaman soja ta zamanin Turawa, wadda masu gyara suka fara zama kusa da ita wajen shekarun 1930, da suka tashi kuma sunan ya bi su. Za ka ji Twi, ka ji Hausa, ka ji Faransanci a bakin direbobin Burkina da Mali da Nijar da suka kawo manyan motocinsu. A can Masta yake, dattijo ɗan Bawku, wanda tun ina yaron mota nake ganin ana kawo masa motocin da suka gagari wasu. Bai yi boko ba, ba shi da allo a ƙofar rumfa, kuma ba ya sauri.

Da safiyar Laraba na same shi yana karyawa da waakye, wato shinkafa da wake. Na gaishe shi, na fara zuba bayani, ya ɗaga hannu.

“Tsaya, ɗana. Tana tashi da wuri?”

“Bugu ɗaya, Masta, in ta huta.”

“In ta mutu ka sake murɗawa nan take?”

“Ba ta kamawa. Sai an jira, ko an yi famfo.”

“To yaya take mutuwa? Ɗif, kamar ka kashe da makulli, ko tana jan rai?”

Na ce tana jan rai, na kwaikwaya masa yadda take ɗagawa tana sauka. Ya tambayi hayaƙi, na ce babu baƙi, sai ɗan fari-fari a ƙarshe. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da cin abincinsa har ya gama. Sannan ya sa yaronsa ya ɗauko galan ɗin nan rawaya da muke kira galan Kufuor, da tiyo biyu, ɗaya baƙi ɗaya fari garau wanda ana ganin abin da ke gudu a ciki, da sifana uku. Iyakar kayan da ya ɗauka ke nan. A hanya muka tsaya gidan mai aka zuba lita goma a galan.

A cikin pragya ya yi mini bayanin da har yau nake amfani da shi. Ya ce injin dizal ba shi da fulogi, matse iska yake yi har ta yi zafi, a fesa mata mai ta kama. Motar da ta tashi bugu ɗaya ta riga ta faɗa maka cewa matsinta na nan, batir da sitata lafiya, saitin injekta bai goce ba. Saura ka gano me ake ƙwace mata bayan ta tashi. In wuta ce ta yanke, mutuwar farat ɗaya ce. In iska ce ba ta samu, ko salansa ta toshe, za ta turnuƙe ka da baƙin hayaƙi tukuna. In kuwa ta ɗaga ta sauka ta ja rai ba hayaƙi, yunwa ce, mai ne ba ya isowa. Minti ɗaya da rabin nan da take yi, man da ya taru a gidan filta da cikin injekta take ci, in ya ƙare ta kwanta. “Injekta ba ta haihuwar mai,” in ji shi, “abin da aka kawo mata take rabawa. Kafin ka tuhumi mai rabo, ka je ka ga ko tukunya ta iso.”

Da muka isa, Kawu na zaune a benci tun safe. Suka gaisa da Masta gaisuwar manya, aka tambayi iyali da jiki, sannan aka ɗaura batir. Abin farko da ya yi, ya sa aka buɗe murfin tanki aka bar shi a buɗe. Ya ce tanki ma numfashi yake yi: mai na fita, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, in ƙofar numfashin ta toshe sai tankin ya riƙe mai ya hana. Aka tayar da murfi a buɗe. Yaronsa ya riƙe waya yana duba lokaci. Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin ta mutu. Ba numfashin tanki ba ne.

Tana mutuwa ya ce in zo da sauri in kama famfon hannu. Na warware kansa na ja sama, sai na ji yana ja na ƙasa. Na ƙara ƙarfi ya taso da ƙyar, ina saki ya koma da kansa, tsut, kamar an ɗaura masa roba. Jiya na danna famfon nan ya fi sau ɗari, amma kullum sai bayan motar ta huta, ban taɓa taɓa shi a daidai lokacin da ta mutu ba. Masta ya ce, “Ka ji ko? In hanya ta fashe tana shan iska, famfon zai yi sakwaf a hannunka, ba nauyi. Wannan kuwa zuƙa yake an toshe masa baki.”

Bai tsaya nan ba, don ya ce hannu yakan yi ƙarya. Ya kwance bututun da ya taso daga tanki a daidai inda ya shiga ƙaramin famfon da ke jawo mai, ya ɗaura baƙin tiyo ya tsoma bakinsa cikin galan. Ya kuma kwance bututun da ke mayar da ragowar mai tanki, shi ma ya sa a galan. Na tambayi dalili, ya ce famfon yana jawo mai fiye da abin da injin ke ƙonawa nesa ba kusa ba, ragowar komawa take yi, in ba a juyo da ita ba lita goman nan za ta ƙare a tankin mota kafin mu gama magana. Muka cire iska, na tayar.

Minti biyu suka wuce. Biyar. Allurar iskar birki ta hau har ta cika, karo na farko tun ranar Litinin. Ya ce in taka totur, na taka, ta amsa da murya ɗaya ba gargada. Muka bar ta rabin awa cur tana aiki, mai na zagayawa yana dawowa galan da ɗumi. Kawu ya taso daga benci ya zo ya tsaya kan galan ɗin yana kallo, bai ce komai ba. Duk abin da ke gaban tiyon nan, ƙaramin famfo da filta da injekta da nozul shida da jiya aka yanke wa hukuncin kwancewa, sun wanke kansu a gabanmu da lita goma na dizal. Abin da ya rage tsakanin tanki ne da bakin famfo, tsawon da bai fi taku huɗu ba.

Akwai wata 'yar raga da mutane da yawa ba su san da ita ba, tana ɓoye cikin notin da ke ɗaure bututu a bakin ƙaramin famfon, tsawonta bai kai gaɓar yatsa biyu ba. Ya zaro ta, ta yi baƙi da tsatsa da wani abu kamar majina, amma da ya ɗaga ta sama haske na ratsawa. Ya wanke ta da dizal ya mayar, ya ce ta ƙara wa abin nauyi amma ba ita ce mai laifin ba. Sai ya haɗa bututun tanki ya sa farin tiyo a tsakani, muka tsuguna mu huɗu muna kallo.

Da farko mai na gudu cike da tiyo, launin zuma, ba ko ɗigon kumfa. Aka yi minti ɗaya haka. Sai gudun ya ragu. Sai wasu ƙananan kumfa kamar ƙwayar gero suka fara bayyana, suka yawaita, sannan a kan idona tiyon ya fara lanƙwamewa yana shafewa kamar bututun robar shan lemo in ka toshe ƙasanta da yatsa ka zuƙa. Injin ya ɗaga, ya sauka, ya mutu. Muka ci gaba da kallo ba wanda ya motsa. Sannu a hankali tiyon ya dinga buɗewa da kansa har ya koma daidai, mai ya sake cika shi.

“Wani abu ne a cikin tanki yake yawo,” in ji Masta. “In an zuƙa ya zo ya manne a bakin bututu. In an daina ya saki.”

Don ya tabbatar, ya jawo iska daga tankin birki ya hura ta cikin bututun zuwa baya, a hankali, murfi a buɗe, har muka ji mai na ɓulɓula a ciki. Aka tayar, ta yi minti goma sha ɗaya. Kawu har ya ciro waya zai kira mai katako, Masta ya ce, “Alhaji, dakata. Korar shi muka yi, ba mu fitar da shi ba.” Bai rufe baki da daɗewa ba ta mutu.

Yana mayar da murfin tanki ne ya tsaya yana jujjuya shi a hannu. Ya ce, “Wannan murfin sabo ne. Ina na asali?”

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Mako uku da suka wuce mun kwana a Techiman muna jiran lodi, da safe muka tarar an sace murfin. Yaro ya samo baƙar leda ya ninka, ya rufe bakin tankin ya ɗaure tam da robar tsohon tub. Na ce in mun koma Kumasi zan saya, amma aiki ya yi yawa, sai da muka yi kwana biyar muna yawo da leda, cikin ruwan sama. Masta ya juya wajen yaron ya tambaye shi a hankali ko ledar ta taɓa yagewa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce ranar da muka sha mai a hanyar dawowa ya tarar ta lotsa ciki, tsakiyarta ta ɓule, sai ya sake ɗaura wata, bai ɗauka wani abu ba ne. Ga yadda aka yi ke nan: an ɗaure bakin tanki ba ta inda iska za ta shiga, mai na raguwa, tankin ya zuƙo ledar ciki har ta yage. Ruwan da na tarar a filta ma ta nan ya shiga.

Kawu ya buɗe baki zai yi wa yaron faɗa, na ce, “Kawu, ni ne direba. Shi dabarar kwana ɗaya ya yi, ni na mai da ita ta kwana biyar.” Gaskiya ce kuma, don kuɗin murfin bai kai na abincin ranarmu ba.

Aka kawo shawarar a ɗaure galan a bayan kai a tafi Techiman haka nan, in an dawo a yi gyara. Direbobi na yin haka, ni ma na taɓa gani. Masta ya ce zuwa Magazin dai ya yarda, amma ba zai sa hannu a hau babbar hanya da lodin katako da galan na reto kusa da salansa ba, ga gangara ga hawa, in tiyo ya zame mota ta mutu a tsakiyar hawa sitiyari zai yi nauyi, iska ta daina cika. Haka aka yi. Bayan la'asar muka ɗaure galan da igiya, na bi ta shataletalen filin jirgi, na ratsa Dichemso da Krofrom a hankali, yaro na leƙe ta taga yana gadin tiyo, har ƙofar rumfar Masta.

Ranar Alhamis tun da sassafe aka fara. Muka zuƙe man tankin cikin galan uku, ana tacewa da farin ƙyalle. Aka kwance maɗauran ƙarfe biyu, mutum uku suka sauke tankin ƙasa, aka cire gej da bututun da ke zuƙo mai. Wani yaro ya matso da ashana zai haska ciki, Masta ya daka masa tsawar da ban taɓa jin ya yi ba, ya ce tankin da ba mai ya fi mai cike haɗari, a kawo tocila. Na haska ta ramin gej ban ga komai ba sai tsatsa da baƙin laka kwance a ƙasa. Gabana ya faɗi, na ce ko mun yi kuskure. Ashe tankin mota ba fili ɗaya ba ne, akwai katangun ƙarfe a ciki masu ramuka da ke hana mai tambal-tambal in ana tafiya, abu na iya laɓewa a bayansu. Aka zuba dizal kaɗan, muka kama tankin mu biyu muna girgizawa muna karkatawa, Masta na zura waya mai lanƙwasasshen baki. A karo na huɗu ya ce, “Tsaya haka.” Ya jawo a hankali.

Ba ta fi tafin hannuna ba. Ta yi laushi, ta yi santsi, ta koɗe ta koma ruwan toka. Ya shimfiɗa ta a kan murfin durom ya nuna mini da farce: a tsakiyarta akwai zagayayyen tabo ya kumburo kamar an danna bakin kwalba, daidai faɗin bututun. Kusa da shi akwai wasu biyu da ba su kai shi fitowa ba. Na daɗe ina kallon ta. Abin da ya tsayar da katakon mutane kwana uku, ya kusa sa a kwance lafiyayyar injekta, shi ne wannan.

Sauran aikin ba wuya sai ɓata lokaci. Aka wanke tankin sau uku har abin da ke fitowa ya zama garau, aka kife shi a rana. Masta ya sa aka canza guntun tiyon da ke tsakanin tanki da bututun ƙarfe, don ya ce wanda aka zuƙe har ya shafe sau da yawa cikinsa ya riga ya saki. Ya canza duk wosha na jan ƙarfe da muka kwance, ya ce sau ɗaya suke matsuwa da kyau, in ka maimaita tsoho ta nan iska za ta riƙa shiga, kuma ba za ka ga ɗigon mai ba balle ka gane, tunda ɓangaren zuƙa ne, ciki yake ja ba waje yake turawa ba. Filtar da na saya ranar Talata ma aka sake ta, don ta sha laka. Ya duba sabon murfin ya hura ƙofar numfashinsa da baki ya ce ya yi.

Wajen cire iskar ƙarshe injin ya ɗan yi gardama, sai ya sassauta bututun nozul biyu ya ce in murɗa. Yaron motata ya kai hannu zai taɓa inda man ke fitowa, Masta ya buge hannun. Ya ce man da ke cikin waɗannan bututun matsinsa ya ninka iskar tayar motar nan fiye da sau 20, yana iya huda fata ya shiga nama, mutum ya ga ɗan tabo kamar cizon sauro ya raina, daga baya a yi maganar yanke yatsa. Ya kuma hana ni riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma sha biyar a jere, sai in saki in bar sitata ta huce. A murɗawa ta uku mai ya fito, ya ɗaure, ta kama.

Muka bar ta tana aiki muka je sallar azahar muka dawo muka same ta yadda muka bar ta. Ya hau gefena muka fita titin Offinso, muka yi hawa biyu da lodi, ya sa na tsaya na bar ta a silo minti biyar, na sake ja. Da muka dawo rumfa Kawu ya tambayi kuɗin aiki. Abin da Masta ya faɗa, har da filta da tiyo da wosha da na yaransa, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da aka yanka mana ranar Talata ba. Kawu ya ƙara masa a kai, ya ce a saya wa yara abinci. Ya kuma ba ni kuɗi a wurin ya ce kafin in bar Magazin in sayi murfi mai makulli, in sa mai walda ya ɗaure shi da 'yar sarƙa a wuyan tanki.

Ƙarfe uku da rabi na ranar Alhamis na bar Suame. Har na wuce Offinso kunnena na kan injin, ko rediyo ban kunna ba, duk ɗan sauyin murya sai na ji ƙafata ta ɗaga daga totur. A Abofour na tsaya na sauka na warware famfon hannu na ja, ya taso ba gardama. Muka wuce Akomadan rana na faɗuwa, yaro ya ciro ledar daga aljihu, ashe ya ɗauko ta ya naɗe a takarda, ya ce zai nuna wa yaran tasha. Ana kiran isha'i muka shiga Techiman, na kira Kawu na ce mun iso, ya ce in gaya wa mai masara a yi lodi da asuba.